Ranar da Dimbo Bai Buga Kwalekwale Ba

"Kowa ya kwanta! Fuska a ƙasa! Ke tsohuwa, kurma ce ke?"

Tsohuwar ni ce. Hannuna duka biyu na cikin kwaɓin burodin shayin la'asar, ƙarfe ɗaya da kwata na rana, lokacin da ko ƙuda ba ya motsi a sansanin Tsibirin Kanya. Baƙi sun dawo daga kallon zakuna, sun ci sun ƙoshi, sun shige tantunansu. Masu yi musu ja-gora na barci a bayan ɗakin wanki. Bindigogin sansani biyu na kulle a ofis. Wanda ya zaɓi wannan lokacin ya san mu ciki da waje. Tun gwiwata ba ta kai ƙasa ba na gane haka.

Su uku ne, kowa da hular sanyi har wuya, an huda wajen ido. Dogon na riƙe da bindigar soja. Gajeren mai tumbi na da ƙaramar bindiga, bakinsa na zuba. Na ukun igiya kawai ya riƙo.

Suka kora mu rumfar cin abinci, ƙarƙashin babbar kanya. Suka bi tantuna ɗaya bayan ɗaya suka fito da baƙi goma sha ɗaya, wasu da rigar wanka, wani tsohon Bajamushe da takalmi ƙafa ɗaya. Manaja ya ɗaga hannu zai yi musu Turancinsa mai sanyi. Dogon ya buga masa gindin bindiga a baki.

"Makullin ofis! Maza!"

"Agogo, sarƙa, zobe, a cire!" in ji mai tumbi. "Kyamara kuma a hankali, kada a fasa mana kaya. Madam, wannan zoben fa? Ya ƙi fita? Kawo yatsan, ni na iya fitar da shi!"

Mai igiya na bin mu yana ɗaurewa. Da ya zo kaina sai na ji ɗaurin bai matse ba, kuma ya kauda kai daga fuskata.

Daidai lokacin Rra Kaelo, dattijon ma'aikatanmu, ya ɓullo ta bayan kicin.

Shekararsa sittin da bakwai, kunnensa ya yi nauyi, bai ji komai ba. Aikinsa ke nan kullum: kafin jirgin saman ƙarfe biyu ya sauka, ya ɗauki mota ya je ya kori barewa da gaduna daga fili. Makullin mota a hannu ɗaya, rediyon oba-oba a ɗayan. Ya tsaya yana kallon mu a kwance. Ya ɗaga oba-obar zuwa bakinsa.

Tau! Tau!

Tsuntsaye suka watse daga kan kanya. Wata baƙuwa ta kurma ihu. Rra Kaelo ya zauna a kan katako kamar wanda ya gaji, sannan ya kwanta.

Mai igiya ya saki igiyar ya ruga. Tsakanin rumfa da kicin akwai gadar katako, kuma katako na huɗu ya daɗe da ruɓewa, mu ma'aikata kaɗai muka san a tsallake shi. A guje yake, hankalinsa ba ya jikinsa, amma ƙafarsa ta tsallake na huɗun.

Na gani. Na haɗiye abin da na gani, don shekara sha tara ina dafa wa baƙi abinci, na koyi yin shiru. Amma Nangura mai kai abinci tebur shekararta ashirin da biyu ne kawai. Ta ɗago kai daga ƙasa.

"Yaya? Yaya Dimbo?"



Dogon ya juyo a hankali. Ya je ya tsaya a kanta, ya sa bakin bindiga ya ɗaga haɓarta.

"Ashe muna da dangi a nan. Tashi, ƙanwarmu. Ke za ki raka mu."

*

Bari in koma baya kaɗan. Abin da ban gani da idona ba, a kotun Maun na ji shi daga bakin Pako mai tumbi, wanda ko alƙali sai da ya roƙe shi ya numfasa.

Dimbo ya yi shekara goma sha biyu yana tuƙa kwalekwale a sansaninmu. Kaf yankin Okavango ban san wanda ya fi shi iya riƙe gorar tuƙi ba. Yana tsaye a ƙarshen kwalekwale, ka rantse a ƙasa yake. Rra Kaelo ne ya kawo shi aiki, shi ya koya masa Turancin sunayen tsuntsaye.

Akwai wani tafki mai zurfi da muke kira Tukunya, tafiyar awa biyu da rabi daga sansani. Duk mai son fita zuwa tudu ta yamma dole ya tsallake shi, kuma gidan dorina ne. Ƙa'idar masu gora tun kakanni ita ce, kafin ka shiga ruwa mai zurfi ka tsaya a bakin ciyawa, ka buga gora a jikin kwalekwale sau uku, ka jira. Dorina za ta ɗago kai ta yi huci, ka ga inda take, ka zagaye ta. Sallama ce kawai. Dorinar da ta san da zuwanka ba ta cika damuwa da kai ba. Wadda ka faɗa wa a ka ba zato ita ke raba kwalekwale biyu.

To, shekarar da ta gabaci fashin nan wani baƙo ya zo da kyamara mai tsawon taɓarya, yana neman wata mujiya mai kamun kifi. Kwana huɗu yana nema. Rana ta biyar ga ta a kan reshe a bakin Tukunya, shi kuma Dimbo ya ɗaga gora. Baƙon ya sa yatsa a baki. Dimbo ya buga abinsa. Mujiya ta tashi.

Mu a sansani shiru muke sayarwa, shi baƙi ke ƙetaro teku su biya. Baƙon ya rubuta ƙorafi shafi biyu. Manaja ya ce Dimbo ya ba da haƙuri, kuma daga yau in baƙo ya ce kada a buga, kada a buga. Dimbo ya ce sai dai a nemi wani. Aka nemi wani.

Wata takwas yana zaune a Maun ƙarƙashin wata bishiya inda ake sayar da giyar dawa, yana ba duk wanda ya zauna kusa da shi labarin mujiya. Mutum ya riƙa ba da labari ɗaya kullum, wata rana kunnen da bai dace ba zai ji. Oteng ya ji. Korarren soja ne daga kudu, Sajan ake ce masa, shi da yaronsa Pako sun gama da shagunan Francistown, gari ya yi musu zafi.

"Kai, gaye, shekara sha biyu, aka kore ka saboda tsuntsu?" in ji Sajan. "Ni da ni ne da tuni na toya tsuntsun na kai wa manajan."

"Kyamara ɗaya a wurin nan ta fi gidan ubana," in ji Pako. "Kuma ba 'yan sanda, ba hanya, ba komai. Allah ya ajiye kaya a daji ya manta bai sa ƙofa ba!"

"Ba za a taɓa kowa ba," in ji Dimbo.

"Haba! Mu da za mu je sallama? Ƙarfen nan na ado ne. Kai dai shigar da mu ta ruwa, ka fitar da mu ta ruwa. Mota na jira a bakin yashi. Kafin su farga mun tsallake Kalahari."

"Ƙanwata na aiki a can."

"Ai shi ya sa za ka rufe fuska."

Na sha jin mutane na cewa yaudararsa aka yi. Ban yarda ba. Wanda ya san halin kada da dorina tun yana goye, ba zai kalli idon Oteng ya ce bai gane ba. Haushi ne ya rufe masa ido, kuma shi ya bar shi ya rufe.

*

Da kwalekwale ɗaya suka shigo da safe. Da kaya kuwa sai biyu. Sun fasa rediyon ofis, sun yanke bututun mai na jiragen ruwanmu masu inji, suka ja ɗaya daga kwalekwalen sansani suka loda masa jakunkuna.

"Ta iya gora?" Sajan ya tambaya.

Dimbo ya cire hular, tunda ba ta da sauran amfani. Fuskarsa jiƙe take.

"Ka kashe Kawu Kaelo. Ka ce ba za a taɓa kowa ba."

"Na ce ta iya gora?"

"Gidanmu ɗaya. Ta iya."

"To ka ga ta yi amfani. Pako, shiga nata. Ta yi wani motsi, ka san aikinka."

Kowane baƙo da ya taɓa shiga kwalekwale an gaya masa ya zauna ya fuskanci gaba. Sajan ya zauna ya juya wa gaba baya, ya fuskanci Dimbo, bindiga a kan cinya. Ƙaramar jakar agogo da zobba da daloli kuma ya rataya ta a ƙirji ya ɗaure, ya goya bindigogin sansani biyu a baya. Bai yarda da Pako ba, bai yarda da kowa ba.

Suka kutsa cikin kyauro. Watan Yuli ne, ruwan Angola ya iso, ya cika ko'ina ba tare da digon ruwan sama ba. Hanyoyin da dorina ta buɗe sun yi ta rassa, wanda ba ɗan wurin ba ko kwana uku ya yi ba zai fita ba. Dimbo na gaba, Nangura na biye. Ba ta yi kuka ba. Ba ta kuma kalle shi ba ko sau ɗaya.

*

Ƙarfe biyu daidai jirgin da ke kawo baƙi daga sansanin hamada ya iso. Matuƙiyar ta leƙo ta ga gaduna na kiwo a tsakiyar fili, ba mota, ba Rra Kaelo da farar hularsa. Shekara uku tana sauka a nan bai taɓa makara ba. Ta zagaya sau biyu, ta kira sansani, shiru. Ta bi ta kan rumfa ƙasa-ƙasa ta hango mutane a kwance. Ta kira Maun.

Ni kuwa kafin 'yan sanda su iso na zare hannuna daga ɗaurin nan mara ƙarfi, na kwance sauran. Na rufe Rra Kaelo da mayafin tebur.

Uku da 'yan mintoci Sufeto Seleka ta sauka da mutum huɗu. Siririyar mace ce, da takalmin gari, ba ta ɓata lokaci wajen jajanta wa baƙi ba. Sansanin maƙwabta ya aiko da jirgin ruwa mai inji da wani ma'aikacin gandun daji.

"Inji ba ya shiga kyauro," in ji ma'aikacin. "Sai babbar hanya. Su kuma suna iya bi ta ko'ina."

"Wa ya san mai tuƙa su?" in ji Sufeto.

Kowa ya kalle ni.

"Mma, an ce a hannunki ya girma a wurin nan. Ina zai bi?"

Da na so da na ce ban sani ba. Amma ga mayafin tebur can jini ya fara ratsa shi, ga yarinya a hannun wanda ya yi harbin.

"Tukunya," na ce. "Ba wata hanyar tudu sai ta nan. Babbar hanya na wucewa ta bayansa, kyauro ne kawai tsakani. Ba za ku gan su ba, amma za ku ji su."

"Ta yaya?"

"Ku kashe inji ku saurara. Dimbo ba ya shiga Tukunya bai buga kwalekwale sau uku ba. A kan haka ya rasa aikinsa."

Ta dube ni, ta gyaɗa kai, ta yi gaba. Na ɗauka dabara na yi. Na manta cewa duk mashayan Maun sun san labarin mujiya, har da Sajan.

*

Rana ta karkata, inuwar kyauro ta yi tsawo. Pako ya gaji da shiru.

"Ƙanwata, kin iya tuƙi fa. Ko ɗigo bai shigo ba. Da a wani hali muka haɗu da na kai kuɗin aure." Ya yi dariya shi kaɗai, sannan ya rage murya. "Ki yi haƙuri, kin ji? Da ma ba ki kira sunansa ba. Oga ba ya son mai riƙe suna."

A kan ruwa magana ba ta ɓoyuwa. Dimbo ya ji.

"Kai, direba," in ji Sajan. "Saura nawa?"

"Tafki ɗaya."

"Bayan shi fa?"

"Ruwa iya gwiwa. Ka sa rana a gabanka, ko makaho ya kai mota."

"Ko makaho," in ji Sajan, yana murmushi. Ya zare gidan harsashi, ya duba, ya mayar. Ƙas!

Dimbo ya gane ya yi sakin baki. Bayan Tukunya ba a bukatar mai gora, balle biyu. Motar ma ya tuna ta, ƙaramar a-kori-kura ce mai kujera biyu.

"Sajan, ka bar ta a wani tsibiri. Kafin a same ta kun yi nisa. Ni zan kai ku har mota."

"Ta san sunanka. Kai ka san nawa. Tuƙa."

Can daga nesa suka ji shi. Inji. Yana tahowa ta hannun dama, yana ƙara ƙarfi. Pako ya durƙushe a cikin kwalekwale.

"Oga, 'yan sanda! Sun iso! Na rantse sun iso!"

"Rufe min baki!"

Injin ya zo daidai su, bayan katangar kyauro, ya wuce kaɗan. Sai ya mutu.

Shiru. Kwaɗi kawai.

Sajan ya karkata kai yana saurare. Sannan ya kalli gorar da ke hannun Dimbo, dariya ta kusa ƙwace masa.

"Shegu. Sun kashe inji. Kiɗanka suke jira, mai mujiya."

Kyauro ya buɗe. Ga Tukunya, baƙi ƙirin, a kwance lumui, furen bado ya fara rufewa a gefe. Dimbo ya kafa gora ya tsayar da kwalekwale. Idonsa ya bi bakin ruwa. Ga hanyar dorina a cikin laka, sabuwa. Ga manyan sawu. Kusa da su ga wasu ƙanana, ba su fi tafin hannu ba. Mai Kunne Ɗaya, dorinar tafkin, ta haihu. Duk mai gora a yankin ya san ta, ko ba ɗa ba ta da haƙuri.

Hannunsa ya ɗaga gora da kansa.

Bakin bindiga ya tashi tare da ita.

"Ka buga, in buga," in ji Sajan cikin raɗa. "Kuma ba da kai zan fara ba. Da ita."

"Akwai dorina."

"Ina take? Ni ban ga komai ba."

"Shi ya sa ake bugawa."

"Tatsuniyar ƙauye. Na yi shekara shida a bakin kogin Chobe da kakin soja, ban taɓa yi wa naman daji sallama ba. Shiga."

Dimbo ya sauke gora a hankali. Ya daɗe yana kallon ruwan.

"Ɗaya bayan ɗaya ake tsallakawa," ya ce. "Biyu tare na tada ruwa, za su ji."

"To ita ta fara."

"Ba ta san inda gora ke taɓa ƙasa ba. Ta kife a tsakiya, duk kyamarorinka sun tafi. Ta ga inda na bi tukuna."

Sajan ya kalli jakunkunan da ke gaban Pako. Ya yi tsaki.

"Muje."

Sai a lokacin Dimbo ya waiwaya. Ya yi maganar da yarensu na gida, a taƙaice.

"Nangu. Ki tsaya cikin ciyawa. Kome kika gani, ki koma baya."

Ta kalli sawun da ke cikin laka. Ta kalle shi. Karo na farko ke nan tun rumfa.

"Yaya..."

"Me yake ce mata?" in ji Sajan.

"Na ce ta bi sawuna."

Ya tura. Kwalekwale ya zame cikin Tukunya ba ko ƙara. Ta gefe ya kamata ya bi, nan ne hanya. Bai bi gefe ba. Can tsakiya wasu ƙananan kumfa na tasowa a jere, kuma nan ya miƙa hancin kwalekwalen. Sajan na zaune ya ba su baya, idonsa a kan hannun Dimbo, yana jin daɗin shirun da ya saya.

Tuƙi ɗaya. Biyu. Uku. Huɗu.

Ruwa ya fashe!

Kwalekwale ya tashi sama — ya tsaya a kan gindinsa — baki ya buɗe a ƙarƙashinsa, ja, da haƙora kamar turame! Ƙaras! Ya rabe biyu. Bindiga ta tashi, ta-ta-ta, duk a sama. Sajan ya faɗa ta baya. Ya ɓullo sau ɗaya, baki buɗe, hannu na neman abin kamawa. Jakar ƙirji da ƙarafan da ya goya suka ja shi. Bai sake ɓullowa ba.

"Wayyo! Wayyo Allah! Oga!"

Pako ya miƙe tsaye. A kwalekwale! Nangura ba ta ma wahala ba, ƙafarta ta hagu kawai ta danna a gefen kwalekwalen. Tsulum! Ya tafi da bindigarsa da rabin jakunkunan, ya taso ruwa iya wuya, ya rungume kyauro yana kiran uwarsa, yana rantsuwa cewa kada ne ya taɓa masa ƙafa.

Hanya a buɗe take a bayanta. An ce mata ta koma.

A tsakiyar tafki wani kai ya ɓullo, ya nutse, ya sake ɓullowa. Ruwan da ke kewaye da shi ya canja launi. Dorinar kuwa ta nutse, ba wanda ya san inda take.

Nangura ta ɗaga gora.

Kwam! Kwam! Kwam!

Ta jira. Ta ce min a rayuwarta ba ta taɓa jira mai tsawon wannan ba, tana kallon yayanta na shan ruwa, ƙafarta na son turawa, tana hana ta.

Fuuu! Mai Kunne Ɗaya ta ɗago can hannun hagu, ɗanta a manne da wuyanta. Ta kalli yarinyar. Ta kaɗa kunnen nata guda. Ba ta matso ba.

Nangura ta bi ta dama, ta gefe, yadda ubansu ya koya musu. Ta miƙa gora, ya kama, ta jawo shi. Ba ta iya ɗago shi ciki ba, sai ta riƙe wuyan rigarsa da hannu ɗaya tana turawa da ɗaya har cikin ciyawa. Ƙafarsa ta dama daga gwiwa zuwa ƙasa ba ta da sauran siffa.

A bayan kyauro inji ya tashi. Sufeto Seleka ta ji harbi, amma harbi a kan ruwa ta ko'ina yake amsawa. Bugu ukun ne ya nuna musu wurin.

*

Kwana biyu aka yi kafin a ciro Sajan, da jakarsa a ƙirji, agogunan na ta aiki. Pako ya sami shekara goma sha biyar. Ma'aikatan gandun daji sun zo da niyyar harbe dorinar, Sufeto ta ce a rubuce ba ta ga laifinta ba, a gidanta aka same ta. Baƙi sun koma ƙasashensu da labarin da za su ci abinci da shi har su mutu. Sansani ya rufe wata biyar, mutum goma sha huɗu ba a sake kiran su aiki ba. Manaja ya sa haƙoran roba, ya kuma manna takarda a bakin ruwa cewa dole mai gora ya buga kafin ya shiga zurfi, ya sa hannu a ƙasa kamar shi ya ƙirƙiro. Mun binne Rra Kaelo a Shorobe. Ni na dafa naman makokin, na daka shi da hannuna, ban iya ci ba.

Dimbo ya shigo kotu da sanduna biyu. Lauyan gwamnati ya tambaye shi, shi da aka kora saboda bugu, me ya hana shi bugawa ran nan.

"An ce in yi shiru, ranka ya daɗe," ya ce. "Ran nan ne kawai na bi umarni."

Alƙali ya ba shi shekara goma sha biyu, daidai shekarun da ya yi mana aiki.

Na rantse ba zan je ganinsa ba. Nangura na raye, haka ne, amma wa ya kawo bindigar har rumfa? Ya ba da ƙafa ya fanshi ƙanwarsa. Rra Kaelo fa, da me za a fanshe shi? Shekara guda ina faɗin haka ga duk wanda ya tambaye ni, har da waɗanda ba su tambaya ba.

Nangura ce ta gaji da ni. Yanzu ta bar ɗaukar faranti, gora take riƙewa. Ranar hutunmu ta zo ta tsaya a ƙofata a Maun da ƙullin fanke.

"Mma Boago, ni ma ban yafe masa duka ba. Amma ina numfashi. Tashi mu je."

Aka shigo da shi ɗakin ziyara. Ya rame, furfura ta fito masa. Ya jingine sandunan, ya zauna a ɗaya gefen teburin. Ni kuwa na kafa idona a kan ƙullin fanke, na ƙi ɗagowa. Bai gaishe ni ba. Bai ce in yi haƙuri ba, ya san halina, da ya faɗa da na tashi.

Sai na ji ya sa ƙashin yatsa a kan katakon tebur.

Ƙwas. Ƙwas. Ƙwas.

Ya jira.

Na bar shi ya jira, don ya san ruwan da ya shigo. Nangura ta riƙe numfashi a gefena. Mai gadi ya kalli agogo.

Sannan na ɗago kai.